Mai Masaukina

A gidanmu ba a kiran sunan babba, saboda haka mai karatu zai yi mini haƙuri, ba zai ga sunanta a cikin wannan rubutu ba. Gwaggo muke ce mata, domin yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutanen ƙauyenmu, can ƙasar Buza, in za su ambace ta sai su ce "ta Madawa", su ɗan rage murya. Maƙwabtanta kuwa a Madawa "Inna mai wasiƙa" suke kiranta. Ta rasu cikin bazarar 1995, shekara talatin ke nan da ɗoriya, kuma masu tuna ranar sun ƙare, sai ƴarta guda da ke aure a Maraɗi, sai ni. Ita Kirista ce, ni Musulmi ne ɗan Musulmi. A hannunta na girma, a bakinta na koyi karatun Hausar da nake cin abinci da shi yau, kuma akwai bashin da take bi na wanda ban biya ba har ƙasa ta rufe mata ido. Wannan bashi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Takardarta ta shaidar ɗan ƙasa tana nan hannun ƴar. A gurbin ranar haihuwa an rubuta "née vers 1940", wato an haife ta wajejen 1940. Duk shekara nakan koya wa ɗalibaina wannan ƴar kalma ta Faransanci, kuma duk lokacin da na rubuta ta a allo sai in tuna haka aka shigar da iyayenmu littafin gwamnati: wani ma'aikaci ya dube su, ya ƙiyasta, ya rubuta. Ita dai abin da uwarta ta faɗa mata shi ne an haife ta da kaka, ana yankan gero, a wani ƙauye da ke jingine da dutse yana kallon kwarin Majiya.

Kakanmu, mahaifinta, da girmansa ya fara salla. Ubansa azne ne, cikin masu yanka a gindin dutse kafin saukar damina, kamar yadda aka saba a ƙauyuka da yawa na Adar a wancan zamani. Wanda ya shiga abu da girmansa yakan riƙe shi da hannu biyu, ga kuma idon mutane da ke jira su ga ko zai koma gidan jiya. Sai an san wannan za a fahimci abin da ya yi wa ƴarsa daga baya, ko da ba a ba shi gaskiya ba.

Tana da kamar shekara goma sha biyu ƙaya ta soke ta a ƙwauri, wurin ya zama gyambo. Aka yi na wanzami, aka yi na boka, aka sha rubutu, ƙafa sai ƙara ci take yi. A lokacin labari ya riga ya bazu kasuwa-kasuwa cewa Turawan mishan sun buɗe gidan magani a Galmi, bakin hanyar da ta taso daga Ƙwanni ta nufi Madawa. Mishan ɗin SIM ce, wadda ta zauna a Damagaram tun 1924, ta kafa tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi, sa'an nan a 1950 likita Burt Long da matarsa suka buɗe asibitin Galmi, wanda har yau yake karɓar marasa lafiya. Kakarmu ta ɗora yarinya bisa jaki, ta ɗaure gumba a ƙwarya, suka yi kwana biyu a hanya.

Gyambo ba ya warkewa da gaggawa. Wata ya bi wata, hadari ya fara haɗuwa a gabas, tilas uwa ta koma gida don shuka. Ta bar yarinya a hannun matar wani mai bishara, Bagobira, wadda ke tara majinyata da masu jinya a inuwa tana koya musu baƙaƙen boko. Mishan ɗin ta ɗauki karatu da muhimmanci don dalilinta na addini: tana son kowa ya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, kuma littafin ya riga ya fito cikakke da Hausa tun 1932, aikin masu fassara a Najeriya, cikinsu har da likita Miller na Zariya. Ta haka, a zamanin da lakwal ta gwamnatin Faransa ba ta san wani harshe ba sai Faransanci, kuma ƴan matan ƙauye ba su ko leƙa ƙofarta, wata yarinya mai ɗingishi daga dutsen Buza ta iya karanta harshen uwarta.

Ta komo gida da ƙafa warkakkiya da ɗan littafi ƙunshe a tsumma. Damina biyu ta yi a ƙauye. Aka kawo mata miji ta ƙi. Wata rana kakanmu ya same ta a bayan rumbu ta durƙusa, ido rufe, tana addu'a da Hausa. Mutanen gari suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ba a kore ta da sanda ba, amma zaman ya gagara, sai ta koma Galmi tana wankin bandeji da dafa wa majinyatan da ba su da kowa. A can aka yi mata baftisma.

Labarin aurenta ba daga bakinta na ji shi ba, domin ba ta taɓa ba ni shi ba. A Keita na same shi, inda aka fara tura ni koyarwa. Wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar makaranta ta ji lafazina, ta tambayi garinmu, ta tambayi gidanmu. Hannuwanta duk kanta, don tana cikin matan da suka yi dakon duwatsu a aikin raya ƙasar Keita wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya, aikin da mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyinsa, ana biyan su da abinci, saboda maza sun tafi ci-rani. Da na faɗi sunan kakana sai ta ajiye faifai ta ce: "Zamna, ɗana. Ni na kama ma gwaggonka kai ran armenta. Dut garinmu ni ɗai na tahi."

Ga yadda ta ba ni labarin. Angon kafinta ne, mutumin wajen Tsibiri, ya zo Madawa ya kafa sana'a. Dattawan ikilisiya suka ce ba za su ɗaura aure ba sai an nemi yarinya a wurin ubanta kamar yadda al'ada ta tanada. Suka tashi mutum uku da goro da sadaki ƙulle a ƙyalle, suka hau har ƙauyenmu. Kakanmu ya shimfiɗa musu tabarma, ya sa aka kawo musu ruwa da fura, ya saurare su har suka gama. Sa'an nan ya tura musu ƙullin kuɗin yadda suka kawo shi, bai ko kwance ba, ya ce ba shi da ɗiyar da zai amshi sadakinta. Ya kuma hana kowa a gidan taka ƙafa zuwa bikin. Mahaifina a lokacin yaro ne ɗan shekara goma, yana laɓe a bayan darni yana ji.

Kakarmu ba ta ce uffan ba. Da dare ta aika aka kira ƙawar ƴarta, wato wannan tsohuwa, wadda a lokacin amarya ce ita ma. Ta ba ta ƙwarya ɗaya sabuwa, da faifai, da ludayi, da muciya, da ƙullin garin lalle da ta daka da hannunta. Waɗannan su ne kayan ɗakin da Gwaggo ta samu daga gidan ubanta. Ƙawar ta ce wa mijinta za ta kasuwar Madawa, ta bi ayarin masu jakuna. A daren jajibiri, cikin ɗakin matar fasto, ta ƙunsa wa amarya lallen uwarta a ƙafa, su biyu kaɗai, ba waƙa ba tafi.

An yi auren bayan girbin 1960, watanni kaɗan da samun mulkin kan ƙasa ranar 3 ga Agusta. Majami'ar ɗaki ne na laka mai rufin azara, da dakalai a jere, maza gefe mata gefe, duka-duka taron bai fi cikin zaure biyu ba. Ba makaɗi, ba maroƙi, domin Turawan mishan na lokacin ba su son ganga a sha'anin masu bi. Abin da ya fi girgiza ƙawar shi ne ganin amarya tsaye kafaɗa da kafaɗa da ango a bainar jama'a, fuska a buɗe, cikin farin zane na saƙi. A wurinmu waliyyai ke magana a ƙofar gida, amarya tana can ƙuryar ɗaki lulluɓe tana kuka. A nan kuwa fasto ya dube ta ya tambaye ta, ita da bakinta, ko ta yarda. Kunya ta sa ta amsa can ƙasan maƙoshi har sai da ya sake tambaya. Ta ɗaga kai ta amsa yadda kowa ya ji. Aka sa zobe, aka yi addu'a, aka fito.

Tsohuwar ta ce da suka fito waje sai ta ji wurin tsit, mutane na miƙa wa juna hannu kamar an dawo daga jana'iza. Ranta ya ƙi. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Baturiyar da ke wurin ta zabura, matan ikilisiya suka dubi juna, sai ɗaya ta amsa, sai ta biyu, sai ga matan maƙwabta na fitowa daga gidajensu da mayafai a hannu. Da guɗa aka raka amarya ɗakinta, ƙawar na gaba ɗauke da ƙwaryar uwa a ka. Da ta kai nan cikin labarin tsohuwar ta yi dariya har da hawaye, ta ce: "Ɗiyar mutane, a kai ta ɗaki awa an sato ta? Ban yarda ba."

Shekara talatin da biyar Gwaggo ta yi a wannan gida. Ta haihu sau biyar, huɗu suka koma tun ba a yaye su ba, mace ɗaya ta tsaya. Sana'arta saƙar tabarmar kaba, wadda aka san Madawa da ita ko'ina a ƙasar nan. Ran Lahadi takan naɗe littafinta a ƙyalle ta tafi sujada, a tsakiyar mako kuma ta je taron Zumuntar Mata, daga can su zaga gaida marasa lafiya. Jama'arsu ƴan kaɗan ne a garin, kamar yadda suke a ƙasar baki ɗaya, inda ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, ƴar Amurka, ta wallafa littafi a 2006 a kan masu bin wannan mishan a ƙasar Maraɗi, kuma duk wanda ya karanta shi zai gane irin zaman da nake nufi: Hausawa ne ta kowace fuska, da harshe da tuwo da gaisuwa, amma kullum ana yi musu kallon baƙi a garin iyayensu.

Abin da ya buɗe mata ƙofofin gari shi ne wasiƙa. Adar ƙasar ci-rani ce. Da an ɗaure dammunan gero samari da magidanta sai su kama hanyar Abijan, ko Legas, ko Kano, ko Kamaru, wani ya yi rani ɗaya, wani ya yi shekara biyar. Kafin zuwan wayar salula, takarda ce ke haɗa miji da mata, direbobi da masu dawowa ke kawo ta. Akwai marubuta maza a bakin gidan waya da tasha, amma wace mace ce za ta zauna gaban namijin da ba nata ba ta ce a rubuta wa mijinta cewa tana da ciki, ko rumbu ya ƙare, ko uwar miji ta hana ta sakat? Sai bayan lisha su lallaɓo gidan Gwaggo ɗaya bayan ɗaya. Ta karanta musu a hankali, in labarin mutuwa ne ko saki sai ta ajiye takardar ta kama hannun mai ita tukuna. Ta rubuta amsa yadda aka faɗa mata, sai dai in zagi ya yi yawa takan ce a bari sai gobe. Ba ta karɓar kuɗi, amma da safe za a ga ƙwai biyu ko kan albasa a bakin murhu. Asirin rabin unguwa yana cikinta, kuma ba a taɓa jin ɗaya ya fita ba.

Yunwa ce ta mai da ita gidan ubanta. A farin 1973 zuwa 1974, da dabbobi suka ƙare, rumbuna suka zama wofi, ita da mijinta suka sayar da abin da suka tara suka sayi buhu biyu na dawa. Ta yi hayar raƙumi, ta bi shi da ƙafarta mai ɗingishi har ƙauye. Mahaifina ya ce kakanmu yana zaune a ƙofar gida ta iso. Ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe shi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce: "Kin zo?" Ta ce: "Na zo, Baba." Ya ce: "Shiga ki gai da uwarki." Iyakar abin da aka faɗa ke nan bayan shekara goma sha huɗu, kuma ba a sake tayar da zancen ba har ya rasu. Da aka haife ni a 1980 aka sa mini sunansa, shi ya sa Gwaggo ba ta taɓa kiran sunana ba. "Babana" take ce mini.

A 1987 na isa shiga lakwal, ƙauyenmu kuwa ba makaranta. Mahaifina ya ce zai kai ni Madawa wurin yayarsa. Dangi suka taso masa, suka ce zai miƙa ɗansa da hannunsa a mai da shi ɗan mishan. Ya ce musu hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ina tsaye riƙe da ƙullin tufafina ya ce mata: "Yaya, ga shi. Amana ce." Ta ce: "Na ji. Allah na gani."

Washegari ta sayo mini buta, ta saƙa mini ƴar tabarmar salla daidai tsawona, ta kama hannuna ta kai ni makarantar allo ta malamin unguwa, ita ke biyan kuɗin Laraba. Ita ke tashe ni da asuba in na yi nauyin barci. Da azumi takan tashi tsakar dare ta ɗumama mini tuwon sahur, ita da ba ta azumin. In za a ci kaza sai ta aike ni in kai wa maƙwabci ya yanka. Shekara takwas na yi a gidan, ko sau ɗaya ba ta ce in raka ta majami'a ba. Wata Lahadi, don son jin waƙoƙinsu da nake jiyowa daga nesa, na ce zan bi ta. Ta ce: "Ubanka bai ba ni kai don wannan ba. Tahi ka wanke allonka."

A lakwal, duk wanda ya kuskura ya yi Hausa a cikin aji sai a rataya masa sambol a wuya, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Na sha rataya shi. Da dare kuwa, a hasken fitilar ƙwai, wannan harshe da ake hukunta ni saboda shi da rana shi ne Gwaggo ke nuna mini a takarda, baƙi bayan baƙi. Da tsofaffin wasiƙun mijinta ta fara da ni, sa'an nan wani yagaggen Magana Jari Ce na Abubakar Imam da ya sayo a Sakkwato. Sai da na girma na lura cewa littafin da ta fi sani, wanda a cikinsa ita ta koyi karatu, kuma yana nan a kan akwati kullum, ba ta taɓa buɗe mini shi ba. Hanya mafi sauƙi ce a gare ta, ta bar ta saboda kalmar da ta ba ƙanenta. Yau ina koyar da Hausa da ƙa'idojin rubutu da gwamnati ta tsayar a 1999, na kuma ga ranar da dokar ƙasa ta Maris 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Ko wace takardar shaida na samu a wannan fanni, tushenta yana kan tabarmar Gwaggo.

Yanzu sai bashin. A ƙarshen 1994 ina aji na biyu a kwaleji, ina da shekara goma sha huɗu, shekarun da yaro ke jin tsoron dariyar abokansa fiye da wuta. Wata rana na fita ban karya ba saboda jarrabawa. Da aka fito hutun ƙarfe goma sai ga ta a ƙofar makaranta da kwano ɗaure a ƙyalle, ta biyo daga taronsu, tana sanye da zanen Zumuntar Mata wanda duk garin ya san shi. Na je na karɓa da sauri. Wani abokina ya ɗaga murya ya ce: "Kai, mi ya gama ka da ƴar mishan?" Na ce: "Mai masaukina ce kawai." Ba ta yi nisa ba. Na ga ta ɗan tsaya, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ci gaba da tafiya tana jan ƙafar nan.

Da yamma na ƙi komawa gida sai da duhu ya yi. Na tarar da ita tana saƙa. Ba ta ɗago ba ta ce: "Babana, mai masaukinka ta aje maka tuwo. Ci tun bai huce ba." Ba ta ƙara ko kalma ba, ranar ko bayanta. Ta ci gaba da tashe ni da asuba. Ni kuwa kullum sai in ce gobe zan durƙusa in ba ta haƙuri, goben na ta ja da baya.

Bazarar 1995 ta zo da annobar sanƙarau wadda ta ci dubban rayuka a ƙasar nan. Gwaggo ta shiga gida-gida a unguwa tana taya uwaye jinyar yara, tana ɗebo musu ruwa. Wata Alhamis ta ce kanta na sara, kafin dare wuya ya sandare. Aka ɗauke ta a mota zuwa Galmi, inda aka warkar da ƙafarta shekara arba'in da suka wuce. Kwana biyu ta yi ba ta san wanda ke kanta ba, ranar na uku ta cika. Ina makaranta aka zo aka kira ni.

Mijinta ya ƙera wa mutane da yawa akwatin gawa, amma ita ta daɗe da gaya masa a sa ta a likkafani a naɗe ta da tabarma kamar uwarta. Haka aka yi, da tabarmar da ta saƙa da hannunta. Matan Zumunta suka yi mata wanka, matan maƙwabta na miƙa ruwa daga bakin ƙofa. Ƙasar bazara ta yi tauri kamar dutse, mazan ikilisiya kuwa ƴan kaɗan ne kuma yawancinsu tsofaffi, sai ga samarin unguwa da diga da shebur, ƴaƴan matan da ta yi wa wasiƙa, ba wanda ya kira su. Mahaifina ya iso bisa motar kaya, ƙura har gira. Bai shiga majami'a ba, ya tsaya a gindin bedi har aka gama waƙoƙi da addu'a. Bai yi mata salla ba, ba kuma wanda ya sa ran zai yi. Amma a bakin kabari ya tuɓe rigarsa ya shiga ramin, shi ya karɓe ta ya kwantar. Yaron da aka hana zuwa bikinta ya kai ta ɗakinta na ƙarshe.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki, mahaifina da mijinta da fasto a tabarma ɗaya. Na lura masu zuwa ta'aziyya suna ɗan inda-inda, ba su san kalmar da ta dace ba, har limamin unguwa ya zo ya ce: "Allah ya ba ku haƙuri. Mun yi rashin maƙwabciya." Daga nan kowa ya ari bakinsa. A cikin gida kuwa mata ne maƙil, su suka yi daka da girki har aka watse.

Shekara ashirin na yi ban faɗa wa kowa wannan labari ba, har abokan aikina. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga, zanga-zanga ta rikiɗe a Damagaram da Yamai, aka ƙona majami'u masu yawa, mutum goma suka rasa rayukansu. Ni ma zanen ya ɓata mini rai kamar kowane Musulmi. Amma da muka koma aji, wani ɗalibina ya ce ai Kirista ba ƴan ƙasar nan ba ne, mutanen Turawa ne, sai na ji muryar abokina na ƙofar kwaleji, na ji tawa amsar. Na ajiye alli na ce musu matar da ta raine ni, ta kai ni makarantar allo, ta koya mini Hausar da nake koya musu, Kirista ce, kuma jinina ce. Ajin ya yi tsit. Wata yarinya a baya ta ɗaga hannu ta ce ita ma ƙanen kakarta haka yake, amma a gida an hana su faɗa.

A hutun da ya biyo baya na tafi Maraɗi wurin ƴar Gwaggo. Ta fito mini da littafin uwarta, bangonsa ya sha ɗinki. A farar takardar farko mijin ya rubuta ranar aurensu, da sunayen ƴaƴa biyar, huɗu da ƴar alama a gefe, da ranar rasuwarta a can ƙasa. Tsakanin sunan ƴar autar da layin rasuwa akwai wani layi da rubutu dabam, manyan baƙaƙe masu karkata waɗanda na sani tun ina ɗan shekara bakwai: "Babana ya zo, Oktoba 1987." A jerin ƴaƴanta ta sa ni.

Ina kira ga ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyinmu na al'adu a Madawa da Buza da Keita. Muna tattara kirarin sarakuna da waƙoƙin noma da tatsuniyoyi, kuma aiki ne mai kyau. Amma in za a rubuta tarihin yadda karatun boko na Hausa ya shiga gidajen Adar, akwai irin waɗannan mata a cikinsa, tare da malaman yaƙi da jahilci da marubutan tasha, kuma kusan duk sun tafi ba a ɗauki muryarsu ba. Tsohuwar Keita ta rasu shekara biyu bayan hirarmu, da ban zauna ba ranar da ta ce in zauna, da guɗar nan ta tafi tare da ita. Kowannenmu ya tura ɗalibansa su tambayi kakanninsu wa ya fara karanta wasiƙa a unguwarsu, su rubuto amsar yadda aka ba su, ko da sunan da zai fito na wanda aka saba rage murya ne in za a ambace shi.

Hukuncin Gwaggo yana wurin Wanda ya halicce ta, ni ba ni da ta cewa a nan. Abin da ke wuyana shi ne gyara amsar da na bayar a ƙofar kwaleji, ga shi na gyara a gaban masu karatu: yayar ubana ce, ita ta raine ni. Allah ya ba mu ikon riƙe amana kamar yadda ta riƙe tata, ya sa mu cika da kyau.